Shirun Ɗiyata na Ranar Litinin

Shekarun baya, lokacin da ɗiyata ta fari take aji uku na firamare a nan Getso, Malamarsu ta Turanci ta aiko min da saƙon da ya hana ni cin abincin rana. Ba takarda ta rubuto ba. Maƙwabciyata da ke sayar da awara a bakin makarantar ta ba wa saƙon baki, ita kuma ta shigo ta same ni ina tankaɗe, ta gaishe ni da gida da yara da damina, ta sha ruwa, sannan ta sauke min shi. Wai yarinyar ta yi sati huɗu ba ta buɗe baki a darasin Turanci ba. Wai ana koya musu yadda ake ba da labarin abin da ya riga ya wuce, kowa yana tashi ya yi, ita kuwa in an tashe ta sai ta tsaya kamar an dasa ta. Jarrabawar ƙarshen shekara saura sati uku, akwai ta baka a ciki, kuma Malama ta ce in haka ta ci gaba ba ta ga yadda za ta bar ta ta wuce aji huɗu ba.

Na ce to, na gode, Allah ya saka. Tana fita na ajiye rariyar, na zauna a bakin turmi.

Wanda bai san ni ba zai ce maimaita aji ai ba mutuwa ba ce. Ni a wurina kusan hakan ne, don ni maimaita aji ne ya raba ni da boko. A Dugabau na tashi, can ƙasar Kabo. Ina aji huɗu aka ce in maimaita, na koma na zauna da yaran da nake goyo a unguwa, suka laƙaba min suna uwar aji. Babu wanda ya cire ni, gaskiya ɗaya ce. Ni na fara cewa cikina na ciwo da safe, yau in je gobe in ƙi, har aka daina tambaya. Ɗan abin da nake rubutawa yanzu, a islamiyyar matan aure na ƙarasa shi, sauran kuma wayar nan ce ta koya min. To a satin da saƙon Malama ya zo, sau biyu ɗiyata ta tashi da safe tana riƙe da ciki. Na haɗa wannan da wancan. Na ce shi ke nan, kaina ta gado.

Da maigidana ya dawo daga gona na gaya masa. Shi mutum ne mai sanyin rai, wani lokaci har sanyin ya ba ni haushi. Ya ce yara ai haka suke, wata bakinta da wuri yake buɗewa wata sai a hankali, in ta maimaita ma ai ƙarin ilimi ne. Surukata kuwa, Inna, da ke ɗakin da ke kallon namu, ta ce ita ba ta yarda ba, yarinyar da ta haddace izu biyu ba za a ce ba ta da kai ba, baki ne ya kama ta. Washegari ta aika aka karɓo rubutu. Ni kuma na ji ana cewa zabibi na buɗe ƙwaƙwalwa, na ba da sautu ranar kasuwar Gwarzo aka kawo min ƙulli guda. Kullum da safe sai ta sha rubutu, in ƙirga mata zabibi bakwai a tafin hannu. Ta sha, ta cinye, ta ce da daɗi. Litinin ta zagayo, mai awara ta dawo da labarin cewa jiya i yau.

Daga nan na yanke shawarar da har yau in na tuna nake dariya ni kaɗai. Na ce tunda Turancin ne ya gagare ta, bari ni in koya in koya mata. Ni fa, uwar aji.

Ƙanwar maigidana tana aure a Kabo, ta gama sakandare. Na tura mata saƙon murya na yi mata bayani, ina yi ina jin kunya. Allah ya yi mata albarka, ba ta yi min dariya ba, ko in ta yi to ba ta turo min ba. Ta ce abin ba wuya, in Bature zai faɗi abin da ya wuce, yawanci wani ɗan jela yake maƙala wa kalmar a ƙarshe, cook ta koma cooked, wash ta koma washed. Na ce wannan ai da sauƙi. Ta ce in tsaya, akwai masu taurin kai da ba sa karɓar jelar, su rikiɗa suke yi gaba ɗaya, go ta koma went, eat ta koma ate, sai dai a haddace su kamar karatun allo. Ta karanto min guda ashirin a saƙo ɗaya.

Na ɗauki abin da gaske. Ina wanke-wanke ina go went, ina shara ina eat ate, ina jijjiga ƙaramin da ke bayana ina sleep slept. Wata rana da la'asar Inna ta leƙo ta same ni ina daka ina motsa baki, ta tsaya har na kai aya, sannan ta ce wannan wane zikiri ne aka ba ku a islamiyya, ita ba ta taɓa jin sa ba. Maigidana ya yi dariya har ya ƙware da fura.

Bayan kwana huɗu na ga na ƙoshi, na shimfiɗa tabarma na kira yarinyar na ce yau ni ce Malama. Na ce go, ta ce went. Na ce see, ta ce saw. Na bi ashirin ɗin nan kaf, ko ɗaya ba ta yi tuntuɓe ba, har tana wasa da bakin hijabinta don abin ya yi mata sauƙi. Da na ƙare nawa sai na ƙirƙiro, na ce to run fa, ai runned ne ko. Ta dube ni da tausayi ta ce, "Umma, ran ake cewa."

A nan kaina ya ɗaure. Yarinya ta fi ni sanin abin nesa ba kusa ba, to me ke rufe mata baki? Na tambaye ta ko Malama na dukanta, ta ce a'a, Malama na da kirki. Ko yara na tsokanarta, ta ce a'a. Na ce to me ya sa ba kya magana, sai ta sunkuyar da kai. Na matsa, idonta ya kawo ruwa, na ƙyale ta.

Da ta tafi islamiyya na buɗe jakarta na ɗauko littafin Turancin. Ba na iya karanta dogon Turanci, amma jan biro ba ya bukatar tafinta. Shafi bayan shafi, inda ake ba su gurbi su cike da kalma, duk alamar daidai ce, wani wurin har Malama ta zana mata tauraro. Amma bayan kowane shafi huɗu ko biyar sai in ci karo da wani fari fat, kwanan wata a sama, layi biyu na tambaya da ta kwafa daga allo, ƙasa babu ko ɗigo sai sifili na jan biro. Na ɗauko kalandar da ke rataye a ɗaki na bi kwanakin da yatsa. Duk Litinin ce.

Na ce lallai sai na ga Litinin ɗin nan da idona.

Wannan ma wani aiki ne. Kun san 'yar fari. A gidanmu ko sunanta ba na kamawa, ke nake ce mata, in ana zancenta a gaban manya kawar da kai nake yi. Yau a ce ni ce na saɓa goyo na tafi makaranta bin kadin 'yar fari, ai abin a yi ta yi da ni ne a unguwa. Na je na durƙusa wa Inna na gaya mata, ina jiran ta ce ba a yi. Sai ta ce, "Mu a zamaninmu da kunya ta kashe mu. Amma tashi ki je, in an tambaya ki ce ni na aike ki."

Ranar Litinin na bari sai da suka shiga aji sannan na isa. Malamar matashiya ce, ba za ta girme ni ba, daga Gwarzo take zuwa kullum. Ta tarbe ni da fara'a, muka gaisa, ta ba ni benci a can baya kusa da taga. Ɗiyata ta waigo ta gan ni, ta yi sauri ta mayar da kanta gaba.

Malama ta rubuta tambayoyi biyu a allo, ta karanta da Turanci, sannan ta fassara saboda ni. Jiya Lahadi me kuka ci a gida? Me mahaifiyarku ta yi? Ta ce tana so su saba da ba da labarin abin da ya wuce, kuma babu labarin da yaro ya fi sani kamar na gidansu. Ni ma a raina na ce wannan dabara ce mai kyau.

Yara suka fara tashi ɗaya bayan ɗaya. Wata ta ce tuwo suka ci, uwarta ta yi wanki. Wata ta ce ɗanwake. Wata 'yar gidan da na sani sarai ta ce shinkafa da kaza, ajin ya kwashe da dariya, Malama ta ce a yi shiru, Turancinta daidai ne. Ina jin ate ɗina da cooked ɗina suna wucewa, har ina gyaɗa kai kamar wata mai duba makarantu.

Aka zo kan tawa. Ta miƙe. Ta dubi allo, ta dubi ƙasa. Leɓenta na motsi, na rantse amsar na bakinta. Malama ta lallaɓa ta, ta ce ko kalma ɗaya ce ta faɗa. Sai na ga hannunta na hagu ya tashi a hankali, ya shiga cikin hijabi, ya kama kunnenta ya riƙe.

Ban san lokacin da na dafe bencin ba. Na san kunnen nan. Ni na murɗe shi.

Daminar da ta gabata ce, a 'yan makonnin nan da rumbu ya yi ƙasa sabon gero bai iso ba. Mun yi kwana uku ba a ɗora tukunyar dare ba, garin kwaki muke jiƙawa da ƙuli. Ba wani abin mamaki ba ne, rabin unguwar haka suke, kowa dai ya ja labulensa. Ana cikin haka aka yi suna a maƙwabta, wata Hajiya ta ga yarinyar tana cin tuwo hannu baka hannu ƙwarya, ta tsokane ta ta ce ke ba a ba ki abinci a gidanku ne. Ita kuwa ta buɗe baki a gaban mata sun fi ashirin ta ce ai mu kwana uku gari muke sha. Kafin magariba an aiko mana da kwanon dawa. Maigidana ya karɓa ya yi godiya, amma ranar bai iya fita masallaci da kansa a ɗage ba. Ni kuma na ja ta zaure, na kama kunnen nan na hagu na murɗe, na ce abin da aka ci a gidan nan, da abin da aka yi, da abin da aka faɗa, in kin zo bakin zauren nan ki ajiye shi ki fita. Ko wa ya tambaye ki. Na tuna har cewa na yi ko Hajiya ce, ko Malam ne, ko Malama. Na sa ta ce wallahi.

Ni kafin a yi girbi na manta. Ita ashe tana nan riƙe da shi shekara guda.

Ban iya jiran a tashi ba. Na roƙi Malama ta ba ni ita minti biyu, muka fita gindin dalbejiyar da ke bayan ajin. Na tsuguna daidai tsayinta na ce, ke, saboda maganar zaure ne? Ta dube ni kamar mai tsoron ko wannan ma gwaji ne. Sannan ta ce, "Ke kika ce ko Malama ce. Kuma na ce wallahi."

Na ce to me ya hana ki faɗi wani abu daban, ki ce shinkafa kamar waccan.

Ta ce, "Ai ƙarya ce, Umma."

Na rasa inda zan sa kaina. Sati shida yarinya na karɓar sifili tana haɗiyewa, ga alkawari ta nan ga ƙarya ta can, ni kuma ina gida ina ɗura mata zabibi. Na jawo ta na rungume, abin da ban taɓa yi mata a waje ba, ƙaramin da ke bayana ya farka ya sa kuka, muka zama mu uku muna kuka.

Da aka fita hutun tara na samu Malama na gaya mata. Ban faɗi maganar garin kwaki ba, na ce dai ni na hana ta faɗin abin gida a waje. Ta fara dariya, sai kuma dariyar ta tsaya. Ta buɗe rajista tana bin sunaye da biro, ta ce akwai wasu uku da su ma Litinin ce kaɗai ba sa magana, kuma ita a gidansu ma haka aka tarbiyyantar da su, ba ta san yadda aka yi abin bai zo mata a rai ba. Ta ce daga yau ta sauya tambayar, kowa ya ba da labarin duk abin da ya gani jiya, a hanya ne, a gona ne, ko abin da akuyarsu ta yi.

A gida kuma na zaunar da yarinyar a gaban babanta da Inna na warware mata rantsuwar. Na ce magana iri biyu ce, akwai ta ciki akwai ta waje. Abin da ke cikin tukunya da rumbu, da abin da ni da Baba muka tattauna, na ciki ne. Sauran duk na waje ne, ta faɗa da Hausa, ta faɗa da Turanci. Ta yi ta kawo misalai tana tambaya, wanki fa, na ce na waje. Kitso fa, na waje. Akuya fa, na ce akuya ai kowa na ganinta, ta waje ce. Maigidana ya ce in yi hattara da wannan izini mai faɗi haka. Ban saurare shi ba.

Ana jibi jarrabawa, ranar Asabar, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Yana ɗaukewa akuyarmu ta tsinke igiya ta faɗa madafi ta tura kai cikin ƙwaryar gari. Na zaburo da muciya na bi ta, ta yi tsakar gida, na bi ta, santsi ya kwashe ni na zauna daɓas a cikin taɓo, ɗankwali a gefe, muciya a sama. Akuyar ta tsaya tana kallona da farin gemu. Babu wanda ya gani sai yarinyar, da ke bakin ƙofa tana toshe baki.

Ranar Litinin na kasa zama. Na share tsakar gida sau biyu, na leƙa zaure ya fi sau goma. Wajen azahar sai ga mai awara ta shigo, ko sallamar kirki ba ta ƙarasa ba dariya ta ci ƙarfinta, ta dafa bango. Da ƙyar ta ce, "Maman yara, ya ƙugu?"

Ashe da aka zo kanta a jarrabawar baka, tashi ta yi ta zuba labarin nan tun daga tsinkewar igiya har zuwa gemun akuya, da Turanci, ba ta tsaya ba. Wai har hedimasta da ke wucewa ya tsaya a taga. Da ta dawo na sa ta maimaita min, ban gane duka ba, amma na tsinci nawa a ciki, my mother ran, my mother fell. Ran ɗin nan dai da ta gyara min. Malama ta ba ta maki mafi yawa a ajin, biyu daga cikin yara ukun nan ma sun yi magana. Ta wuce aji huɗu, ciwon cikin safe kuma ban sake jin labarinsa ba.

Na yi wata guda duk inda na shiga sai an tambaye ni ƙugu, gidan suna, gidan biki, har islamiyya. Wallahi ko sau ɗaya ban ji haushi ba. Duk wadda ta tambaya sai in ji wani sanyi a ƙirjina, in ce da sauƙi, alhamdu lillahi.

Har yau ban ce kuskure ne a koya wa yaro rufa asirin gida ba. Ni ma haka aka koya min, kuma ƙannenta ma na koya musu. Abin da na daina shi ne yanke wa yaro doka cikin fushi in tafi in bar shi da ita. Mu manya mukan faɗi magana da zafi, zafin ya huce maganar ta bi shi. Yaro kuwa ɗauka yake ya adana yadda aka ba shi, bai san ranar da ta daina aiki ba sai an koma an gaya masa. Kuma na daina saurin cewa kaina suka gado. Wataƙila ma ni ɗin, da wani ya zauna a bencin baya a Dugabau ya duba da kyau, da ya ga wani abu. Wannan kuma Allah ne masani.

Yanzu tana sakandare, ta fi ni tsawo, ita ke karanta wa babanta takardar maganin feshi. Ita na ba wa wayar ta duba min rubutun nan kafin in saka. Ta karanta tana murmushi har ta iso wurin garin kwaki, sai ta tsaya, ta ɗago ta dube ni, na ga hannun nan na hagu ya nufi kunne.

Ta ce, "Umma, wannan ai na ciki ne."

Na ce na sani, na kuma tambayi Babanku ya yarda. Bar shi a ciki. Wata uwar na can yanzu haka tana ƙirga zabibi.